Tsibi Bakwai da Ƙwara Ɗaya

A shekarar da damina ta yi ruwa uku ta ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, akwai wani bakanike a Tasawa ana ce masa Danda. Soja ke mulki a lokacin, iyakar kudu kuma a rufe take, ko ƙusar mota ba ta shigowa sai a bayan jaki ta cikin daji. Garajinsa na bakin babbar hanya, gabas da tasha, ƙarƙashin wata bishiyar bedi da saiwarta ta sha baƙin mai shekara da shekaru, har awaki, da duk yunwarsu, suka daina cin ganyenta.

Ɗan maƙeran Mayahi ne. Ya yi aji uku a lakkol, ranar da wata babbar mota ta mutu a ƙofar makarantar ya fita kallo, bai sake komawa ba. Abin da ya ɗaukaka shi kunne ne. Yakan ɗauki wani dogon ƙarfe ya dafa kai ɗaya jikin inji, ɗaya a bayan kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraren hirar maƙwabta ta katanga, can sai ya buɗe ya faɗi ciwon. An ce wata rana yana shan fura mota ta wuce a guje, bai ko ɗaga kai ba ya ce wannan ba za ta kai garin Gazawa ba. Kafin la'asar sai ga ta shanu na janye da ita.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, abin ba wuya. Ramuka huɗu ne, kowane da fisto mai hawa da sauka. In fisto ya sauka sai ya zuƙo iska da isansi, wato fetur, ta wata ƴar ƙofa da ake kira supaf. In ya hau sai ya matse su cikin wani ɗan ɗaki da ke jikin kilas, wato murfin inji, sannan buji, wato filogi, ya ba da wuta. Matsi shi ne ƙarfin mota. Amma in ya yi yawa, isansi ba ya jiran buji, sai ya kama da kansa kafin lokaci ya doki fisto a ka. Wannan duka yana da ƙara siririya, kamar an jefa tsakuwa biyu cikin gwangwani ana kaɗawa. Isansin waccan shekarar kuwa, da ke zuwa cikin jarkoki gauraye da kananzir, ba shi da haƙuri ko kaɗan.

Kanikawan zamanin da hannu suke gwada matsi. In an gama haɗi sai a sa manibel, ƙarfen da ake murɗa inji da shi ta gaba, a juya. In ya yi tauri yana neman ture mutum, a ce inji ya yi kyau. In ya yi laushi, a ce raggo ne. Danda ma haka yake yi. Hannu ya zaɓi mai tauri, in ya wuce ƙima kunne ya faɗa masa, ya rage. Shekara ashirin da biyu hannun da kunnen ba su taɓa saɓawa ba.

Da bazara ta yi zafi sanƙarau ya kwantar da shi kwana goma sha ɗaya. Ya tashi da ransa, ya gode wa Allah. Amma duniya ta dawo masa kamar ya sa kai cikin randa. Yana jin rugugin babbar mota, yana jin kaurin muryar maza. Kukan tsuntsu, da ƙarar cokali a kofin shayi, da duk wani sauti siriri, sun tafi. Matarsa Zara'u ce kaɗai ya faɗa wa. Ita kuma ta koyi taɓa masa gwiwa kafin ta yi magana, ta fuskance shi don ya ga bakinta. A garaji kuwa ya ci gaba da dafa ƙarfen nan bayan kunne yana lumshe ido, yana tambayar direbobi da dabara me suka ji a hanya.

Aikin farko babba da ya zo masa bayan ciwon na Alhassan ne. Alhassan Buzu ne, daga wani ƙauye bayan Urafane. Raƙuman gidansu sun ƙare tun farin da aka yi shekara goma baya, shi kuwa ya koma tuƙin wata tsohuwar bashe, ƙaramar motar kaya mai rufin tampol. Tsakanin Buzu da maƙeri akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka su biyun ba su taɓa gaisawa babu tsiya ba.

Injin Alhassan ya yi zafi ya lanƙwasa kilas, aka kai Maraɗi aka goge fuskarsa, karo na uku ke nan. Kowace guga kuwa tana rage ɗan ɗakin nan. Sannan sandar nan mai tozaye da ke buɗe supaf tana rufewa, wadda ake kira arbirkam, ita ma ta cinye. Danda ya tono biyu cikin tarin ƙarafansa. Ɗaya daga injin famfon rijiya ta fito, ɗaya daga motar wasu Turawa da suka ƙetare hamada suka bar ta a nan. Ya gwada ta Turawa, manibel ya juya lagwai-lagwai. Ya gwada ta famfo, manibel ya yi tauri har ya kusa fizge masa kafaɗa. Ya ɗaura ta famfo. Aka tada inji, ya dafa ƙarfe, ya lumshe ido, bai ji komai ba sai rugugi. Ya ce lafiya lau.

Kwana tara bayan nan Alhassan ya shigo garaji a ƙafa, rawani duk rairayi, rataye da fisto a wuya kamar laya. An zura igiya ta wani rami da wuta ta huda a tsakiyar kansa.

Ya ce, "Maƙeri, ga tsaraba. Na roƙe ka inji, ka yi mini matankaɗi. Ko kuwa ƙofar shan iska ka buɗe wa fiston saboda zafi?"

Masu zaman garaji suka fashe da dariya. Danda ya ga haƙoransu, dariyar kuwa ta zo masa kamar daga ƙauyen gaba. Ya karɓi fiston ya ɗaga shi sama. Ta ramin ana hango ganyen bedi da ɗan yankin sararin sama, gefensa kuma a narke kamar kitse.

Ya ce, "Buzu, tun yaushe yake ƙwanƙwasa?"

"Tun ranar da na fita daga nan. Na ce ai Danda ya saurara ya ce lafiya, ni wane ne? Mu raƙumi muka sani."

Maganar nan ta fi ramin fiston ciwo. Danda ya ajiye fiston a ƙasa ya kau da kai.

Da aka watse Alhassan ya tsugunna gabansa, ya sauke rawani daga baki, ya yi maganar da ƙarfi. Ajida Gazali, sojan da ke rabon dawar agaji, ya rubuta motarsa cikin masu ɗaukar kaya zuwa ƙauyukan bayan Urafane. Ranar Litinin za a loda. In motar ba ta tashi ba za a soke sunanta, ƙauyensu kuwa sai an gama da na bakin hanya, wataƙila mako uku. Fisto uku sun tsira, ya samo na huɗu a jikin wata mota da ta faɗi. Bayan waɗannan babu wani fisto mai wannan girman daga nan har Maraɗi.

Danda ya ce, "Kai wa Salifu na bayan tasha."

"Salifu? Wanda ya ɗaura mini fanka tana hura iska baya? Gobe shanu za su jawo ta nan. In ka ga dama ka ƙona sauran."

Ranar Laraba ce. Danda bai jira motar ba. Ya gaya wa Zara'u ya gama da garaji, bakanike marar kunne makahon mahauci ne, wata rana yatsan wani zai yanke. Zai je Mayahi ya roƙi wansa Tanna wurin zama a maƙera, ko zuga wuta ce ya yi. Zara'u ba ta yi musu ba. Ta ɗaure masa ƴar fura a ƙulli ta ce, "Je ka gaida Yaya. Amma ban kwashe ko tsintsiya ba sai ka dawo."

Ya sami Tanna a rumfar da ubansu ya bari. Babu mai sayen hauya a shekarar da babu gona, don haka Tanna ya koma ƙera gatari ga masu sare itace, da aska, da ƙugiyar ciro guga, don rijiyoyi sun yi zurfi igiyoyi na tsinkewa. Tanna mutum ne mai magana kamar yana faɗa da maƙera, Danda kuwa ya ji daɗin haka, don kowace kalma ta shiga. Ya faɗi abin da ya kawo shi. Tanna ya dube shi ya daɗe, sannan ya nuna masa zugazugi da haɓa.

"Zauna mu gani in hannun bai mance ba."

Zugazugin maƙeran Mayahi fatar akuya ce guda biyu, kowace da baki a sama mai ƴan itatuwa biyu. In mai zuga ya ɗaga sai ya buɗe bakin iska ta shiga, in zai danna sai ya matse itatuwan ya rufe. Danda ya kama. Hannu ya tashi, hannu ya sauka, amma gawayi sai lumshe ido yake yi.

Tanna ya daka masa tsawa. "Kai Danda, iskar gari kake wa fifita? Kana danna fata har rabi bakin na buɗe. Duk abin da ka danna kafin ka rufe ya koma inda ya fito. Daga inda ka rufe baki, nan zuga ta fara!"

Danda ya gyara, yana rufewa tun daga sama. Wuta ta tashi fara fat, gatari ya yi ja, Tanna ya yi ta dukansa. Da aka gama ya ɗauko wani siririn ƙarfe na aska ya sa a wuta, ya ce, "To yanzu koma wa lalacinka. Kada ka rage dannawa, hannu zai rikice. Jinkirta rufewa kawai. Aska ba ta ɗaukar wutar gatari, narkewa za ta yi."

Danda ya jinkirta. Fatar ɗaya ce, tsawon hannun ɗaya ne, amma wuta ta kwanta ta yi taushi. Ya sake rufewa da wuri, ta tashi. Ya jinkirta, ta kwanta. Ya yi haka sau biyar ko shida yana kallon bakin fatar, har askar ta fara zubar da tartsatsi.

"Za ka ƙone mini ƙarfe! Me ya same ka?"

Danda ya saki zugazugi. A idonsa fatar akuya ta zama ramin inji, tafin hannunsa fisto, itatuwan biyu supaf. Ya sani tun yana yaron mota cewa supaf ba ta rufewa daidai lokacin da fisto ya kai ƙasa, takan ɗan jira har ya fara hawa. Amma bai taɓa tambayar kansa ina iskar wannan ɗan tsakanin take zuwa ba. Komawa take yi. Matsi ba ya farawa sai ƙofa ta rufe. Sandar famfo mai rufewa da wuri ce, shi ya sa manibel ya yi tauri. Ta Turawa mai jinkiri ce. Shi kuwa ya haɗa ɗakin da aka rage da ƙofa mai gaggawa da isansi marar haƙuri, ya ba aska wutar gatari.

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Yaya, akwai motar da za ta Tasawa yau?"

"Ka zo neman aiki ko ka zo ɓata mini aska?"

"Zan dawo in abin bai yi ba."

Tanna ya yi tsaki, ya jawo zugazugin da ƙafa. "Ka gaida Zara'u. Ita ce mai hankalin gidan."

Ranar Juma'a da safe Danda ya je wurin wani ma'aikacin asibiti da yake gyara wa babur, ya roƙi tsohon sirinji na gilashi, irin mai layin goma. Ya ciro gilashin wata taga da ta fashe ya huda shi. Ya sirka baƙin mai da kananzir ya yi ruwa-ruwa. Ya sayi takardar naɗa taba. Zara'u ta biyo shi garaji da kwanon tsakuwa da ta tsince daga dawa, don ya ce mata aji ukunsa sun iya tarawa amma rabawa na yi masa gardama.

Abin da yake nema a fili yake a ransa. Iska nawa ake kullewa a rami daga lokacin da ƙofa ta rufe, kuma sau nawa ta fi ɗan ɗakin da za a cusa ta ciki? Amma ko ya samu adadin, ina zai san mai kyau? Sai ya tuna da wata bashe irin ta Alhassan, ta wani mai jigilar gishiri, da ke ajiye a garajin tana jiran taya. Duk direbobin tasha sun shaida tana shan isansin jarka ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba. Da ita ya fara.

Ya sa takardar taba tsakanin kan supaf da ƙarfen da ke danna ta. Muddin ƙofar na buɗe takarda na cije. Ya riƙe gefenta da yatsa biyu, Alhassan na juya inji sannu-sannu kamar mai tatsar taguwa mai harbi. Danda ya rufe ido. Can takardar ta saki, sakin da ko ƙuda ya sauka a kai ya fi shi nauyi, amma yatsan Danda ya ji.

"Tsaya!"

Ya yi alama da alli a jikin fulin inji. Suka cire kilas, suka mayar da inji kan alamar, ya shafe gefen fisto da girisi don kada mai ya zurare, ya fara zuba sirinji cikin rami. Kowane sirinji ɗaya Zara'u ta ajiye tsakuwa ɗaya. Talatin da shida rami ya cika. Sannan ya kifar da kilas, ya ɗora gilashi kan ɗan ɗakin, ya ɗura mai ta hudar har kumfar iska ta ƙarshe ta fita. Shida.

Ya ce, "Haɗa su duka, don iskar na cikin ramin da ɗakin gaba ɗaya. Sannan ki yi tsibi-tsibi, shida-shida."

Zara'u ta yi, kamar mai kasa gyaɗa a bakin kasuwa. Tsibi bakwai cif.

Alhassan ya ce, "Maƙeri ya koma duba da tsakuwa. Duba mini ko zan yi arziki."

Danda bai kula shi ba, ko kuma bai ji ba. Suka koma kan injin da ya mutu. Ɗan ɗakin kilas ɗin da aka goge sau uku ya ɗauki sirinji biyar kacal. Da sandar famfo, rami ya sha talatin da takwas. Arba'in da uku ke nan, biyar-biyar. Zara'u ta kasa tsibi takwas, uku suka rage a tafinta. Danda ya daɗe yana kallon tsibin nan na takwas. Abin da da kunnensa zai faɗa masa cikin ƙiftawar ido, ga shi a ƙasa ana iya taɓa shi da yatsa.

Asabar suka ɗaura sandar Turawa suka sake komai daga farko, takarda, alli, girisi, sirinji. Ana cikin haka Salifu na bayan tasha ya leƙo, ya kama manibel ya juya da hannu ɗaya, ya yi dariya. "Danda, wannan ko tsohuwa ta murɗa shi. Da wannan raggon za ka hau tudun rairayi da buhu goma?" Danda ya ce masa ya matsa, inuwarsa na rufe layin sirinji.

Talatin da ɗaya. Da biyar na ɗaki, talatin da shida. Zara'u ta kasa. Tsibi bakwai, da ƙwara ɗaya a gefe.

Ƙwarar nan ta hana Danda cin abincin rana. Ya sake aunawa a rami na biyu, ta sake fitowa. Ya sani bakwai cif lafiya ne, takwas da uku mutuwa ne. Tsakaninsu ina bakin ramin yake, babu wanda ya taɓa gaya masa, kuma ba shi da fiston gwaji. Ya ɗauki tsakuwar ya jujjuya ta, ƴar ƙarama ce ja-ja, wataƙila daga wata gonar ƙasar da ba zai taɓa gani ba ta biyo buhu. Abin mamaki ne a ce abincin ƙauye guda ya rataya a kanta. A ƙarshe ya ja lokacin wutar buji baya kaɗan, kaurin farce, don isansi ya samu sassauci. Ya ce a ɗaure.

Ranar Litinin Ajida Gazali ya zagaya motar da sandarsa a hammata, ya dubi takarda, ya dubi Danda. "Kai ne bakaniken? An ce wancan karon ka huda fisto."

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To shiga gaba. In ta mutu a hanya kai za ka kai buhunan a ka."

Aka loda buhu goma sha biyu, biyu fiye da yadda aka ce. Suka bar kwalta da hantsi. Hanyar Urafane rairayi ce, gefe da gefe gonaki fayau, sai karan geron da bai yi kai ba da ƙasusuwan shanu farare. Motar ta ɗan yi nauyin tashi daga tsaye, Alhassan ya yi gunaguni, amma da ta ɗauki gudu sai ta miƙe. Danda ya dafa ƙarfen gaba da tafin hannu. Rugugi kawai. Tsakuwar cikin gwangwani, in tana nan, ba ta da hanyar zuwa gare shi. Sai ya koma kallon fuskar Alhassan, amma Buzu ya ja rawani har hanci, ido kaɗai ke waje, idon kuwa na kan hanya.

Bayan Urafane, rana tsaka, suka iso tudun da direbobi ke tsoro, dogon hawa na rairayi mai laushi. A nan ne fiston farko ya huje. Alhassan ya sauko giya ta biyu ya taka. Mota ta nutsa ta yunƙura, allurar zafi ta fara hawa. Inji na ja da ƙarfinsa duka a hankali, irin jan da ƙwanƙwasa ke so.  In yana ƙwanƙwasar, yanzu ne ya kamata a ɗaga ƙafa, kafin ƙarfe ya narke. Kuma mutum ɗaya ne a motar nan zai iya sani.

Danda ya kama hannun rigar Alhassan ya yi ihu, "Buzu! Ni ba na ji! Kunnena ya tafi tun sanƙarau! Yana ƙwanƙwasa?"

Alhassan bai waiwayo ba. Ya riƙe sitiyari da ƙarfi, mota na lilo hagu da dama, tana ci gaba taku-taku. Sai da ƙafafun gaba suka dafa ƙasa mai tauri a saman tudu ya tsaya, ya bar inji na aiki. Ya sauke rawani, ya juyo ya fuskanci Danda sosai, ya buɗe baki yadda za a ga kowace kalma.

"Maƙeri, duk tasha ta sani. Wata biyu ke nan. Ranar da na dawo da fiston na tsaya bayanka na kaɗa makullai a kunnenka, ko gezau."

Danda ya saki hannun rigarsa. Sannan ya ce, "To me ya sa ka dawo mini da motar?"

"Na ce kurman Danda ya fi Salifu mai kunne biyu. Ban dai san za ka koma bokan tsakuwa ba."

"Na tambaye ka, yana ƙwanƙwasa?"

"Ko sau ɗaya. Na kasa kunne tun daga Tasawa kamar mai jiran kiran suna a gaban soja. Tsit."

Danda ya sauka duk da haka. Ya sa aka kashe inji, ya naɗe hannu da tsumma ya kwance buji huɗun ɗaya bayan ɗaya, suna ƙona shi ta cikin tsumman. Ya ɗaga kowane a rana. Bujin injin da ke dukan kansa fari yake fitowa, da ɗige-ɗigen ƙarfe kamar an yayyafa masa gishiri. Waɗannan huɗun launin gyaɗar da aka soya daidai ne, babu ɗigo ko ɗaya. Ya jera su kan murfin mota yana kallo, har Alhassan ya ce masa in ya gama gaisawa da ƴaƴansa akwai mutane na jira.

Daga saman tudun ana hango ƙauyen, bukkoki da rumbuna marasa komai, da mata da suka ji ƙarar mota suka fara fitowa da ƙorai. Danda ya mayar da bujin, ya ɗaure kowane da hannunsa. Da ya shiga ya rufe ƙofa sai ya ce, "Daga yau duk injin da na haɗa, zan auna shi tukuna, sannan kai za ka zauna gaba ka saurara mini a wannan tudun."

"Buzu ya zama kunnen maƙeri? Kakana zai juya a kabari."

"Ya juya. Kuma in ka sami mai zuwa Mayahi ranar kasuwa, a gaya wa Yaya Tanna ya nemi wani mai zuga."

Alhassan ya ja rawaninsa ya tada inji, suka gangara.